Awon Ƙafar Nimmo

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Gidan ya yi fes. An gama fenti, an wanke labule, ɗakin ajiyar da aka shekara biyar ba a iya tura ƙofarsa yanzu ko gado sai a kafa a ciki. Haka ake tarbar Diwali, bikin fitilu, tun kakanni, tsoho ya fita, sabo ya shigo. Ba ni na ƙirƙiro ba.

Nimmo, 'yata, tana gidan Masinta, wato ƙanwar uwarta Kamlesh, tun ranar Lahadi da yamma. Uwarta Santosh ta ce in bar ta ta huce. Na ce ni ban kori kowa ba, ban kuma riƙe kowa ba. Shara na yi a gidana.

Jiya na buga wa wani dillali a Delhi na ce ya aiko mini da takalmin wasan hoki mai taya, wanda ya fi kowanne a shagonsa. Ya tambayi lamba, ya soma wani dogon bayani, na katse shi. Shekara talatin da huɗu ina yin takalmi. Rabin yaran makarantun Jalandhar da abin da ya fito daga masana'antata suke tafiya. Nimmo shida take sawa, na ce ya aiko bakwai. Faɗin babban yatsa a gaba, wannan ƙa'ida ce. Ƙafa tana son numfashi, ga safa mai kauri, ga sanyi yana tafe.

Ranar 17 ga Nuwamba za a yi gwajin zaɓen 'yan wasan jiha. Shekara huɗu tana jiran wannan, bara da mutum ɗaya aka wuce ta. Bana za ta shiga fili da abin da wata yarinya ba ta taɓa sawa ba a garin nan. Ba da wancan tsohon ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Nimmo ba ta ɗaga waya. Wataƙila caji ne.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Na jera fitilun da kaina a kan katanga. Aikinta ne, amma ba wani aiki ba ne mai wuya. Santosh ta zuba abinci faranti uku, ta tsaya, ta mayar da ɗaya cikin tukunya. Ba ta dube ni ba. Maƙwabta sun shigo da alewa suna yaba fenti, na ce yarinyar ta je taya Masinta biki.

Gidan ya yi kyau sosai. Kowa ya faɗa.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun iso. A ofis na buɗe kwalin, na rufe ƙofa tukuna.

Zan faɗi gaskiya, ban taɓa riƙe irinsa ba. Babu fata ko ɗigo. Jikin kamar bangon tukunya, na matsa da hannu biyu ko gezau bai yi ba, amma in ka ɗaga sai ka ce babu komai a hannunka. Taya huɗu a jere a kan ƙarfe ɗaya, biyun baya sun ɗan fi na gaba girma, don mai sawa ya riƙa rinjaya gaba. Na murza ɗaya da yatsa, na sha shayi rabin kofi tana nan tana juyawa. Harshen da kauri kamar katifa. Na bi ɗinkin da farce daga farko har ƙarshe ina neman inda suka yi ha'inci, ban samu ba.

Na kira Mangat, shugaban ma'aikatana, wanda ya san ni tun ba ni da gashin baki. Ya juya shi, ya leƙa ciki, ya shinshina. Ya ce takalmin ya yi, amma wa zai shiga ciki, Nimmo ce ko ita da ƙawarta? Na ce ya koma kan injinsa.

Santosh za ta kai mata da yamma. Na ce kada ta ce komai, ta ajiye kwalin kawai. Idan ta buɗe, magana ta ƙare.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Kwalin ya dawo. Saƙon kalma uku ne: sun yi yawa.

Yara ba su san takalmi ba. Gobe zan yanka shimfiɗar soso in manna a ciki, in cusa auduga a hanci. Abin da nake yi wa duk uwar da ta kawo ƙorafi ke nan, ba wadda ta taɓa dawowa.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na manna, na aika. Ta karɓa. Santosh ta ce ba don ta yarda ba ne, don ba ta da wani ne. Ni dai na ji ta karɓa.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Ta faɗi jiya a wurin atisaye. Ba karaya, Santosh ta ce, amma diddigenta duka biyu sun yi bororo sun fashe, idon sawun hagu ya kumbura. Wai tana karya kwana ƙafar ta juya a cikin takalmin, takalmin bai bi ta ba.

Na ce sabon takalmi dole ya ci ƙafa. Santosh ta ajiye ludayi ta ce, "Tarsem, shekara ashirin da uku ban taɓa ce maka ba ka san aikinka ba." Ta tsaya nan. Ba ta ƙarasa ba.

Mai horar da su, Madam Dhillon, ta bugo. Ta ce in zo fili gobe da safe, in taho da kunnuwana.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Na dawo daga filin. Ban taɓa shiga ba, a bakin ƙofa nake sauke ta. Siminti ne sumul da katanga iya ƙugu, 'yan mata suna wucewa da sanduna kamar an harbo su, ƙarar tayoyi kamar ruwan sama a kan kwano. Nimmo tana kan benci da bandeji a ƙafa. Ta ga shigowata, ta ci gaba da naɗa salatif a kan sandarta.

Madam Dhillon gajeriya ce, muryarta ta fi ta girma. Ta kira wata ɗaliba mai ƙafa irin ta Nimmo, ta sa ta zura ƙafa a takalmin nawa ba a ɗaure ba, ta tura yatsu har ƙarshe. Ta ce in sa hannu a bayan diddige. Yatsuna uku suka shige. Ta ce fensir ɗaya ya kamata ya shiga, shi ma da ƙyar. Ta ce wannan takalmin ba a barin wuri a gaba, yatsu su riƙa shafar hanci in an miƙe tsaye, in an lanƙwasa gwiwa su ɗan ja baya. Diddige kuma ya zauna daram, ko motsi. Lambarsa ma ba ta takalmin tafiya ba ce, mai sa shida biyar da rabi ne nata, wani lokaci biyar.

Na ce ƙafa tana son numfashi. Ta ce, "Bhaji, ɗan'uwana, a makaranta ƙafa take numfashi. A nan aiki take yi." 'Yan matan suka ƙunshe dariya. Ta zaro audugar daga hancin ta ɗaga sama, ta tambaya ko fitilar Diwali ce zan kunna a ciki.

Na haɗiye. Ni da ake miƙewa in na shiga taron 'yan kasuwa.

Da ta rako ni mota sai ta sassauta murya. Ta ce wancan na da, shekara biyu Nimmo ta yi tana sa shi kafin ya zama ƙafarta. Akwai wani ƙashi da ya ɗan turo a gefen ƙafarta ta hagu, ita da kanta ta yi ta dumama wurin da na'urar busar da gashi tana dannawa da gindin cokali har ya ba shi wuri. Ban san tana da wannan ƙashin ba. Ni na haife ta.

Saura kwana goma. Madam ta ce in aka samu daidai lambarta, aka gasa shi ya bi ƙafar, ciwon kuma ya warke, za ta iya. Za ta iya, haka ta ce.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe huɗu na yamma

Dillalin ya ce ba ya karɓar abin da aka shafa wa gam. Gam ɗina ne, ba ya fita, ni na san haka. Yana da biyar da rabi, mai faɗi da marar faɗi. Wanne? Na buɗe baki in faɗa, na rufe. Na ce zan bugo.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Ban je masana'anta ba yau. Na je bayan tashar jirgi, inda 'yan gwangwan suke sauke kaya. Wani abu na je dubawa.

Wuraren tara gwangwan huɗu na shiga. A na huɗun na sami mutumin. Ya gane ni, ya ce ai Sahib ne, maigida mai sharar Lahadi. Ya ce ƙarfen da tayoyin tuni an cire an auna an tafi da su. Takalmin dama bai san inda ya shiga ba. Na cire kwat na rataye, na naɗe hannun riga. Tulin ya fi ni tsawo, ga tsoffin buhuna, ga robobi, ga abin da ba zan rubuta ba. Awa biyu. Ya yi ta cewa Sahib ka bari yarana su duba, na ce ba su san abin da suke nema ba.

Na samo na hagu. Salatif ɗin da ta naɗa yana nan a hancinsa, baƙi, ninki a kan ninki.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Na tsaga shi biyu a kan teburin yanka, ni da Mangat. Tsohon takalmi ba ya ƙarya, duk abin da ƙafa ta yi yana rubuce a ciki. Gaban ƙafarta da faɗi, diddigen siriri. Tana taka gefen ciki fiye da na waje. Ga ramin ƙashin nan, har da sawun cokalin. Kuma wurin babban yatsa ya huje har ya kai roba, shi ne ta yi ta rufewa daga waje.

Mangat ya shafa ramin da yatsa, ya ce wannan aikin hannu ne mai kyau, 'yar gidan ce. Ya ce amma takalmi rabin labari ne, sai an je ga ƙafar. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya san abin da yake faɗa.

Ina shekara goma sha biyar na bar makaranta na zauna a ƙofar tashar mota da akwati da guduma ina gyaran takalmi. Shekara tara ina tsugune, ina ganin mutane daga gwiwa zuwa ƙasa. Wasu ko sunana ba sa tambaya, su miƙo ƙafa kawai suna karanta jarida. Ranar da na sayi injina na farko na ce na gama durƙusa wa ƙafar kowa. Tun daga nan da ido nake faɗin lamba, kuma ba na kuskure.

Ban cika kuskure ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Na je gidan Kamlesh da farar takarda biyu, fensir da tef ɗin awo. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Jijaji, mijin Yaya, da kansa? Me za mu share?" Na ce shayi ya isa.

Nimmo ta fito. Ta rame kaɗan, ko idona ne. Na ce awo na zo yi. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta zauna a kujera ta miƙo ƙafa. Na sauka ƙasa. Gwiwoyina suka yi ƙara har Kamlesh ta ji daga kicin, ta ce a kawo mai.

"A tsaye ake aunawa, Papaji," in ji Nimmo. "Diddige a jikin bango."

Ta miƙe ta dafa kafaɗata, saboda ciwon. Na zagaya da fensir. Hannuna bai manta ba, shi dai. Ta hagu ta fi ta dama tsawo da kaɗan. Na auna faɗi, na auna tudun ƙafa, na taɓa ƙashin na yi alama. Da na zo diddige na ga bororon da idona. Na daɗe a wurin fiye da yadda awo yake buƙata.

Biyar da rabi, mai faɗi. Na faɗa da ƙarfi, ta ce ta sani tun tana aji tara, ba a dai tambaye ta ba. Ta koma ɗaki. Amma ta dafa kafaɗata, wannan ya faru.

Na buga Delhi daga cikin mota.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu na rana

Kumburin ya sauka, in ji Santosh. Ta ci gurasar paratha biyu.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Motar kaya ta tsaya a Ambala. Gobe, wai. Na gwada tanderun da muke dumama gam da guntun roba sau shida, har na gane inda zafinsa yake tsayawa a digiri tamanin. Mangat ya ce tun da muke bai taɓa ganin na karanta takardar bayani ba. Na karanta ta cikin kwalin farko sau biyu, haruffan Turancinta ƙanana.

Laraba, 13 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Sun iso da hantsi. Madam Dhillon ta kawo Nimmo masana'anta a bayan babur ɗinta da ƙarfe biyu. Na sallami ma'aikata shan shayi, Mangat ya ƙi tafiya.

Da farko a sanyi. Ta zura, ta buga diddige a ƙasa sau biyu. Fensir ya shiga da ƙyar. Ta miƙe, ta ce yatsu suna shafa, ta lanƙwasa gwiwa, ta ce sun saki. Na hagu yana cizon ƙashin, kamar yadda muka sani.

Muka kwance tayoyi, muka sassauta igiya, na saka su a tanderu. Minti shida ina tsaye da agogo a hannu, Mangat yana tambaya ko da man shanu za a ci. Da suka fito jikin ya yi laushi kamar fatar da aka jiƙa. Na sa ƙarfen buɗa takalmi mai kan ƙwallo daidai inda na yi alama, na murza a hankali, na ba ƙashin ɗakinsa. Ta sa. Na ɗaure mata da kaina, Madam tana faɗa mini in ja igiyar gefe, ba sama ba, kada ƙofofin su yage.

Madam ta ce minti goma sha biyar a zaune, gwiwa a lanƙwashe. In ta miƙe ko ta motsa, takalmin zai ɗauki siffar da ba ita ba, an yi asara. Ta ja Mangat waje wai ya nuna mata injin yanka.

Ni ina ƙasa, ita tana kan kujera. Ba inda za ta. Ni ma na ga ba inda za ni.

Na ce, "Puttar, 'yata, ni na ba ɗan gwangwan takalmanki. Ba cikin shara suka bi ba. Da hannuna na ɗauko."

Ta ce, "Na sani. Ɗan gwangwan ba ya hawa bene ya leƙa ƙarƙashin gado."

Sai na faɗa mata sauran. Cewa a taron 'yan kasuwa na watan jiya wani ya zagaya da hotonta a waya, tana riƙe da kofin gasar gunduma, ya buɗe hoton daidai kan salatif ɗin, ya ce ku ga 'yar mai kamfanin takalmi. Aka yi dariya. Na yi tare da su. Na ce mata kofin ko kallonsa ban yi ba, hancin takalmin kawai na gani, kuma ba ita na gani a ciki ba, wani yaro na gani a ƙofar tashar mota. Na ce ba wannan ne dalili ba, labari ne kawai. Abinta ne, na ɗauka ban tambaya ba.

Ta daɗe tana kallon igiyar. Ta share hanci da bayan hannu.

"Saura minti nawa?"

Na duba. Na ce shida.

"To, ci gaba. Ba ka kai wurin haƙurin ba."

Na kai.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Yau ba a hawa, sai sun kwana sun yini sun daskare. Suna ofishina a kan tebur. Na hana kowa taɓawa.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe takwas da rabi na safe

Ta hau. Zagaye biyu a hankali kamar mai taka ƙwai, na uku ta sunkuya ta tafi. Ta karya kwana a gabana, tayoyin suka yi ƙara, takalmin ya bi ta. Ta tsaya cak. Ta sake tafiya.

Madam ta ce har yanzu da tauri, sabo sabo ne, kwana biyu ba shekara biyu ba ne. Gudunta bai kai na da ba tukuna. Ta ce amma diddigen ya zauna.

Gidan Kamlesh ta koma.

Asabar, 16 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na yanka soso siriri kamar ɓawon albasa na aika, don bororon. Na rubuta a takarda: in kina so.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Ludhiana. Mun tashi da asuba, ni da Santosh a motata, Nimmo a motar ƙungiya. 'Yan mata arba'in da wani abu, sha shida ake so.

Ban san dokokin ba. Na zauna kusa da wani Sardarji, dattijo mai rawani, da ya kawo jikarsa, ya yi ta yi mini bayani, ni kuwa ƙafafu nake kallo. Na ga yara aƙalla goma da diddigensu ke rawa a ciki. Na gaya masa na jikarsa ya yi mata yawa da lamba ɗaya, ya ce ai za ta girma. Na ce zauna in gaya maka wani abu.

A wasan farko Nimmo ta yi sanyi, sau biyu aka ƙwace mata ƙwallo. Santosh ta riƙe hannun rigata har ya yamutse. A na biyu ta dawo. Ba ta ci ba, amma ta ba da wadda aka ci, ta kuma tare wata doguwar yarinya daga Sangrur da babu wanda ya iya tarewa tun safe. Na miƙe tsaye ban sani ba.

Da la'asar aka karanta sunaye. Na ƙirga da yatsu. Goma, sha ɗaya, sha biyu. A sha uku Santosh ta rufe ido. Nimrat, wato Nimmo tawa, sha huɗu.

Ba ta yi tsalle ba. Ta zauna a benci ta kwance igiya a hankali, ta zare ƙafa, ta daɗe tana murza yatsu. Motar ƙungiya ta yi ta hon. Sai ga ta ta nufo mu da safa kawai, takalman a rataye a wuya, ta buɗe ƙofar baya ta shiga.

Mun wuce Phagwara kafin ta yi magana. Ta ce na dama yana matse mata ɗan ƙaramin yatsa, tun wasan farko, sai an ɗan buɗa wurin. Na ce ba komai, gobe Madam ta kawo ta masana'anta, ko in biya gidan Masi in ɗauke ta.

Ta ce, "Ka taho gida da ƙarfen kawai, Papaji. Ina nan."

Santosh ta juya tana kallon gonaki ta taga. Ni kuwa na riƙe sitiyari da hannu biyu, na bar wata tarakta ta wuce ni.